Ranar da na sauya wa babur ɗina mai ƙafa huɗu kuloci mai rola

Warin ƙonanniyar roba ne ya fara tona asirin abin. Ina janye da amalanke cike da itacen wuta daga dajin bayan gidanmu, na zo ɗan hawan da ke kusa da rafi, sai na ji injin ya yi nishi kamar jakin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa. Na ƙara totur. Maimakon ya ja, sai ya yi jim, sannan ya fizga da ƙarfi har guma-gumai biyu suka gangaro daga amalanken. Da na iso gida na ɗora tafin hannu a kan murfin kuloci, ban iya barinsa a wurin ba don zafi.

Babur ɗin Polaris Sportsman 500 ne, ƙirar 1997, na hannu na saye shi a wajen wani manomi bayan mun koma wajen gari a jihar Minesota ta Amurka. A nan irinsa shi ne jakin gida. Da shi ake ɗauko itace, da shi ake zagaya gona, in hunturu ya shigo kuma a ɗaura masa faffaɗan ƙarfe a gaba a riƙa ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gida zuwa titi. Kamfanin da ya ƙera shi ma ɗan jihar ne, an kafa shi a 1954 a Roseau, wani ɗan gari can arewa dab da iyakar Kanada, kuma da keken gudu a kan dusar ƙanƙara ya yi suna kafin ya fara fitar da irin waɗannan babura a 1985. Daga wancan keken ne tsarin kulocin ya samo asali, shi ya sa duk dattijon da ya tashi a nan yana wasa da keken ƙanƙara, ko ido rufe zai kwance maka shi.

Wanda ya taɓa tsayawa layin markaɗe ya riga ya san rabin abin. Mahaifinmu yana da injin niƙa a Funtuwa, kuma tun ina firamare na san cewa inji yana juya fuli ɗaya, bel ya ɗauki juyin ya kai wa fuli na biyu. Haka yake a nan, sai dai kowane fuli farantai biyu ne masu karkata da ke fuskantar juna, suna matsewa suna buɗewa. Na gaba yana kan injin. A cikinsa akwai wasu lanƙwasassun ƙarafa uku masu nauyi, in injin ya ɗau gudu sai su buɗe su tura faranti ɗaya ya matse bel, bel ya yi ta hawa sama. Na baya yana kan shaf ɗin giya, shi kuma sifirin ne ke riƙe da shi a matse, in bel ya hau a gaba sai ya nutse a baya. Ba ka taka kuloci, ba ka canja lamba, su biyun ne ke ja-in-ja a tsakaninsu suna zaɓa maka giyar da ta dace.

Abin da ya dame ni yana na baya. A cikinsa akwai wani kwanon ƙarfe da aka yanka wa gangare a bakinsa, makanikan nan suna ce masa heliks. Shi ne kunnen babur, shi ke jin nauyi. In taya ta gamu da hawa ko taɓo, nauyin yana murɗa kwanon, gangaren ya tura farantan su haɗe, bel ya dawo sama, ka koma giyar ƙarfi ba tare da ka taɓa komai ba. A tsohon tsari, wasu maɓallan roba mai tauri guda uku ne ke sulɓi a kan gangaren. A sabon tsari kuwa rololi ne ke birgima a kai. Iyakar bambancin ke nan: ja da gungurawa. Wanda ya taɓa jan buhun masara a ƙasa, sannan ya ɗora shi a baro, ba ya buƙatar dogon bayani.

Da na buɗe murfin a ranar Asabar, abin da na gani bai ba ni mamaki ba. Baƙar ƙurar bel ta lulluɓe ko'ina kamar toka. Gefen bel ɗin ya yi santsi yana sheƙi, akwai ma wani wuri da ya sirance, inda kulocin gaba ya tsaya yana cinsa babur bai motsa ba. Wannan laifina ne, domin littafin babur ya faɗa ƙarara cewa in za ka ja kaya ko za ka yi tafiyar da ba ta kai mil 7 a awa ba, ka sa ƙaramar giya, ni kuwa lalaci ya sha hana ni tsayawa in canja. Maɓallan sun lotse, ɗaya ya kusa shafewa, har ƙarfe ya fara gogar ƙarfe ya bar zane a kan gangaren. Abin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aiki, ai ya yi ƙoƙari.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya, yarana na ce masa Kaka, ni kuma ina ce masa Baba, tun yana dariya har ya saba. Na kai masa kulocin a cikin kwali. Ya juya shi, ya sa babban yatsa ya shafa gangaren, ya ce in don hawa kawai nake yi a fili, in sayi sababbin maɓallai da kwano in mayar, kuɗin ba zai kai na cefanen mako ba. Amma tunda aikina ja ne da turi, tsaya-tafi, tsaya-tafi, ya ce mai rola zai fi yi mini. Sai ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa kada in sa ran zai ƙara wa injin ƙarfi ko na sisin kwabo. Injin mai silinda ɗaya ne, 499cc, yadda yake haka zai zauna. Abin da rola za ta yi shi ne ta sa ƙarfin da ke akwai ya iso taya a lokacin da ake nemansa.

Na yi kwana uku ina juya maganar, domin sabon kulocin ɗaruruwan daloli ne, kuma uwargida ta riga ta tambaye ni ko wannan tsohon babur zai sake cin kuɗin da ya kai na tikitin gida. A ƙarshe na yi oda. Na TEAM Industries na saya, su ma 'yan Minesota ne, a garin Bagley suke. Kafin in biya sai da na ƙirga haƙoran shaf ɗin giya, na auna kaurinsa, na karanta wa mai sayarwa a waya, domin babura masu suna ɗaya ba lallai shaf ɗinsu ya zama ɗaya ba in shekarun ƙira sun bambanta. Na haɗa da sabon bel. Sa tsohon bel a sabon kuloci ɓarnar kuɗi ce kawai.

Kwancewar ba ta da wuya. Ka cire kujera da robar gefen hagu, ka sassauta bututun da ke fitar da iska mai zafi, ka kwance sukurorin murfi. Bel a tsohon tsari da hannu ake cire shi: ka danne birki, ka ja bel sama da baya har farantan su buɗe, ka murza shi ya fito ta baki. Bol ɗaya ne ke riƙe da kulocin baya. Nawa ya ɗan maƙale a kan shaf, na fesa masa mai na bar shi na je na yi sallar azahar, da na dawo na girgiza shi da hannu biyu ya zaro. Na jefa shi a kwali ban ko juya bayansa na duba ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tunda murfi a buɗe yake, na tsaya na yi wa kulocin gaba wanka. Na busa masa iska da injin ba wa taya iska har ƙura ta daina fita, na duba ƙarafan nan uku ko sun yi rami, na ga lafiyarsu ƙalau. Na goge fuskar farantan da soson ƙarfe mai laushi don in kashe sheƙin da roba ta bari, sannan na share da asitom. Baba ya ja mini kunne tun farko cewa ko ɗigon giris kada ya kusanci wurin da bel ke bi, kuma kada in shafa wa rololi komai, a bushe suke aiki, giris ƙura kawai zai tara. Sabon bel ɗin kuwa sai da na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, saboda santsin da yake zuwa da shi daga masana'anta. Uwargida ta shigo kicin ta same ni ina cuɗa bel a wurin wanke kwanuka. Ba ta ce komai ba, kallon da ta yi mini ya wadatar.

Sabon kulocin ya shiga shaf sumul. Na ɗaure bol ɗin da sifana mai awo zuwa 23 Nm kamar yadda littafin gyara ya ce. Wani abin da na ji daɗinsa shi ne yadda ake sa masa bel: akwai rami mai zare a jikinsa, ka murɗa wani ɗan bol a ciki sai farantan su buɗe da kansu, ka zura bel ba kokawa, ka warware bol ɗin ka cire. Na sa bel yadda rubutun jikinsa zai karantu daga inda nake tsaye, don duk ranar da na cire in mayar da shi ta fuskar da ya saba juyawa. Na juya kulocin da hannu sau biyar ko shida har bel ya hau ya zauna. Ƙarfe huɗu na yamma na mayar da murfi, ina ta yaba kaina.

Na tayar da inji, na kama sandar giya zan sa ta gaba, sai na ji ƙarrr, haƙoran giya na cizon juna. Na matsa da ƙarfi ta shiga, kafin in taɓa totur babur ya fara rarrafe da kansa. Na ce wataƙila sabunta ce, zai saki. Na zagaya fili sau uku. A tafiya kam ya yi daɗi, amma duk tsayawa sai in kashe inji kafin giya ta yarda ta fita. Da na sake buɗe murfi, sabon bel ɗin da bai yi minti ashirin yana aiki ba har ya fara zubar da gari, kuma gefe ɗaya kawai.

Tunanina na farko shi ne bel ya yi tsauri. Akwai awon da ake yi: ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bel daga fuli zuwa fuli, ka danna tsakiyar bel da yatsa har sakinsa ya ƙare, ka auna tazarar. Littafin ya ce ta kasance tsakanin santimita 2.9 da 3.2. In ta gaza haka bel ya yi tsauri, zai riƙa jan giya ko injin na zaune, in ta wuce kuma ya yi sako-sako, babur zai riƙa tashi kamar motar da aka tayar a lamba biyu. Nawa ya ɗan gaza. A jikin sabon kulocin akwai ɗan sukuru mai notin kulle, in ka murɗa shi ciki farantan su ɗan rabu, bel ya sauka ya saki. Na gyara har awon ya zauna a 3. Rarrafen ya ragu, amma bai tafi ba, giya kuma tana nan tana ƙara.

Baba ya tafi wajen 'yarsa a ƙarshen makon nan, ba wanda zan tambaya. Washegari da safe na kira yayana a Kano ta bidiyo, lokacin su can azahar ta yi, awa shida ke tsakaninmu a wannan watan. Yaya bakanike ne, ya fi shekara talatin yana shiga Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, amma bai taɓa ɗora hannu a kan babur mai ƙafa huɗu ba. Bayan mun gaisa na tambayi iyali da jikin Hajiya, na juya masa kyamara.

“Matso da ita kusa da bel ɗin,” ya ce. “Wane gefe ne yake ci?”

“Na ciki, Yaya.”

“To ai ba tsauri ba ne. Auta, ka manta injin niƙan Babanmu? In bel na cin gefe ɗaya, fulin ba su kan layi. Da ka cire tsohon, me ka samu a bayansa?”

Na ce washa biyu, suna nan a kan shaf ban taɓa su ba.

“Je ka ɗauko tsohon ka juya mini bayansa.”

Na ɗauko kwalin. A bayan tsohon kulocin, manne da busasshen giris da ƙura har ta saje da ƙarfen, ga washa ta uku. Siririya ce, kaurinta bai fi na kwabo ba. Na sa farce na ɓamɓaro ta na ɗaga wa kyamara. Yaya ya yi dariya har wayar ta kusa faɗuwa daga hannunsa, na ji yana kiran yaran garejinsa su zo su ga injiniyan Amurka. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana.

Waɗannan washoshin su ne ke tsayar da kulocin baya a daidai inda zai fuskanci na gaba. Rashin ɗaya ya sa ya matsa ciki, bel ya karkace, yana gogar faranti ɗaya na kulocin gaba ko da injin na zaune, shi ya sa yake jan giya. Yaya ya ce in mayar da ita, amma kada in tsaya nan, tunda sabon kuloci ba lallai gindinsa ya yi tsawo ɗaya da tsohon ba, in nemi abin awo. Gaskiyarsa. Ranar Litinin Baba ya dawo, ya ciro wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa daga bangon garejinsa, wanda aka yi musamman don wannan aiki. Ana cire bel, a kwantar da shi a kan kulocin gaba, a ga yadda ɗaya bakin ya zauna da farantin na baya. Da washa uku ya kusa, sai da muka ƙara wata 'yar siririya ya zauna cif. Muka sake auna sakin bel, domin taɓa wannan yana taɓa wancan. Na tayar da inji, na sa giya da yatsa biyu, ta shiga shiru kamar an zura cokali a kunu. Babur ya tsaya cak yana jira.

Baba bai bar ni na tafi ba sai da ya ɗauko alƙalamin maka ya ja layi a kan kowane faranti, daga tsakiya zuwa baki. Ya ce bayan bel ya saba, in sami miƙaƙƙiyar hanya in buɗe wuta, in dawo in duba. Inda bel ya taka zai goge layin, abin da ya rage shi zai gaya mini ko farantan na buɗewa har ƙarshe. Na yi kusan mil talatin ina lallaɓa shi, ba kaya, ba cika totur, ina hawa ina sauka da gudu. Sannan na yi gwajin. Layin ya goge saura ɗan kaɗan a bakin na gaba, Baba ya ce haka ake so.

Akwai abu ɗaya da ya ɗan ci mana lokaci. Na ɗaura ƙaramin agogon juyin inji a wayar fulogi, sai na ga in na cika totur juyin yana zama ƙasa da inda yake zama a da. Dalili a fili yake: tunda babu gogayyar maɓallai da ke riƙe farantan, suna saurin buɗewa, babur ya haye giyar gudu da wuri ya danne injin. Gyaran hanya uku ne. Ko a rage nauyin ƙarafan kulocin gaba, ko a sa kwano mai kwantaccen gangare, ko a sa wa na baya sifirin mai tauri. Na zaɓi sifirin don shi ya fi araha, kuma ya dace da mai jan kaya. A tsohon kuloci sifirin yana da ƙugiya, ana murɗa shi a maƙala a ɗaya daga ramukan kwano, don haka kana iya ƙara masa ƙarfi ba ka sayi komai ba. Na sabon dannawa kawai yake yi, in kana son canji sai ka sayi wani. Kuma kada kowa ya yi gangancin buɗe shi da hannu. A matse yake da ƙarfin da zai iya fasa wa mutum baki. Da wani dogon bol mai zare da faranti muka danne shi a hankali kafin mu cire zoben kulle.

Inda na sha kunya shi ne gangara. Na sa a raina cewa mai rola zai riƙa riƙe babur in na saki totur a gangare, kamar yadda mota ke yi a ƙaramar giya. Ranar farko da na gangaro rafi da lodi na saki totur, injin ya koma zaune, kulocin gaba ya saki bel, amalanke ya turo ni sai da na damƙe birki da ƙarfi. Ashe wannan riƙon wani tsari ne daban, wanda Polaris ke kira EBS, yana buƙatar boris mai juyawa gefe ɗaya a cikin kulocin gaba da kwano na musamman a baya. Nawa ba ya da shi, kuma rola ita kaɗai ba ta kawo shi. Har yau in zan gangara sai in riƙa ɗan taɓa totur don bel ya zauna a kame, hannu ɗaya a kan birki.

A hawa kuwa magana ta canja. Wancan jim ɗin da fizgar sun ɓace. Da ƙafafun gaba sun taɓa hawan, kafin injin ya yi nishi har bel ya koma sama, sai ka ji sautin ya tsaya wuri ɗaya babur na tafiya. Gudunsa a fili bai ƙaru ba ko kaɗan, wanda ya ce maka zai ƙaru yana son sayar maka da kaya ne. Da a ce hawa kawai nake yi don shan iska, da maɓallan Baba na saya na huta.

Dusar ƙanƙara ta farko mai kauri ta sauka cikin dare. Bayan asuba na ɗaura ƙarfen turi, na sa ƙaramar giya, wannan karon ba lalaci. Turi shi ne aikin da ya fi cin bel, domin gaba ne da baya, gaba da baya, kuma kowane zuwa sai ka daki tudun da ka tara. Na yi minti arba'in na share tamu hanyar, na tsallaka na share ta Baba yana tsaye a taga da kofin shayi. Da na dawo gareji na cire safar hannu na ɗora tafi a kan murfin. Ɗumi ne kawai, irin na kwanon tuwon da aka sauke ɗazu. Na ɗauki hoton hannuna a wurin na tura wa Yaya. Amsar da ya turo ita ce in ajiye masa tsohon kulocin kada in yar, in wani zai zo gida a sako masa shi a kaya, yana so ya buɗe ya ga kwanon nan da idonsa.